Waya da intanet a karkara: me suka tsinana wa talaka?

Ina da shagon caji da POS a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, kullum ana musu a bakin shagon kan waya, wasu na yabo wasu na cewa ba abin da ta kawo sai cin kuɗin data. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsar da nake bayarwa.

Wai da gaske waya tana rage talauci ko zancen 'yan boko ne?

Ba ta ƙara maka buhu ko ɗaya a gona, amma tana hana a cuce ka a kan wanda ka noma. Kafin GSM ta shigo Najeriya a 2001 duk farashin da dillali ya faɗa shi ne farashi, wa za ka tambaya? Yanzu kuwa a gabana mai saye zai taya buhun riɗi, dattijo ya ce masa dakata Alhaji, ya laluba aljihu ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila wadda aka ɗaure da kyauro, ya kira ɗansa da ke dako a Dawanau ya ji yadda kasuwa ta tashi, sannan a ci gaba da ciniki. Haka mai kai shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tun daga gida ya san yadda ake ciki. A maƙwabtanmu Nijar wata masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, ta gano shigowar waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ga kuma tura kuɗi, Kenya suka yi fice da M-Pesa tun 2007, mu nan sai lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 da yawa suka koyi taransifa dole, kuma an sha wuya wallahi.

Gwamnati ta taɓa amfani da ita don manoma?

Ta taɓa. A 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma an yi shirin tallafin taki da ake kira GES, tes zai shigo wayarka ka je ka karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Dabarar ta yi kyau don ta rage masu tsayawa a tsakiya, sai dai wanda ba ya karatun boko sai an karanta masa, wanda garinsu ba sabis kuma saƙon ba ya isa gare shi da wuri.

To zaɓe fa, na'ura ta hana maguɗi?

Ta toshe wata ƙofa, ba duka ba. A 2015 aka fara kad rida mai karanta katin zaɓe, a babban zaɓen 2023 kuma na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ita tana duba yatsa ko fuska kuma tana riƙe adadin mutanen da aka tantance, in ƙuri'u suka fi wannan adadi to an yi aringizo, doka ta ce a soke akwatin. Bayan ƙirga ana rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗau hotonta a ɗora a shafin IReV na INEC inda kowa zai iya gani. Matsalar ita ce ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau kan lokaci ba, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, wannan abu ya karya wa mutane gwiwa sosai, daga baya Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne. Shi ya sa nake ce wa samarinmu kar ku dangwala ku tafi gida, ku tsaya a ƙirga a gabanku, ku ɗau hoton sakamakon akwatinku, a tura wa mutane da yawa, in lamba ta canza a hanyar zuwa mazaɓa ko ƙaramar hukuma kuna da abin nunawa. Amma fa BVAS ba ta ganin taliya da atamfa da ake rabawa a bayan makaranta, wannan aikinmu ne.

Bayan an rantsar da waɗanda aka zaɓa, waya na da sauran amfani?

A ganina nan ne ma amfaninta ya fi yawa kuma nan muka fi sakaci. Ku duba Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta yi ta kashe yara, aka yi alkawarin kuɗin tsaftace garin aka yi shiru. A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka riƙa ɗora hotuna da labarin garin a intanet, sai ga shi farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Mu ma muna da ajin da rufinsa ya yaye da rijiyar burtsatse da aka kafa allo aka gudu. Ɗau hoton allon, sunan ɗan kwangila da hukumar da ta ba da aikin duk suna jiki, ka tura wa gidan rediyo ko masu bibiyar ayyukan mazaɓu irin Tracka na BudgIT. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, hukumar tarayya in ka rubuta mata kwana 7 gare ta ta amsa.

Illarta fa?

Akwai. Ku tuna 2014 lokacin Ebola da aka yi ta kiran waya cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka. Ga 'yan damfara masu kira su ce daga banki ne a ba su lambar sirri, kar ka bayar ko da wa. Hukuma ma tana iya kashewa, an katse sabis a Zamfara a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Me ya rage a yi mana?

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar kwamfuta a Kazaure, amma ƙauye har yanzu wuta da sabis ne ciwonsa, akwai garuruwan da sai an fita bayan gari an ɗaga hannu ake samun layi, ga kuɗin kira da data da aka amince a ƙara da kashi 50 a 2025. Abin da ya fi damuna mata ne. Yawancin wayoyin da ake kawo min caji na maza ne, alhali iyayenmu mata su ne masu kiwon awaki da ƙuli da adashi, kuma su suka fi cika layi ranar zaɓe. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi maganar turken sabis da sola, da saƙon hasashen damina na murya da Hausa wanda mai ƙaramar waya zai iya saurara.