Ciwon ƙugu: daga ina yake fitowa, kuma yaushe ne ba a jira?

Da wuya ka zauna a majalisa ba ka ga wanda ya miƙe yana dafe da ƙugu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya.

Me ke cikin ƙugun ne har yake yawan ciwo?

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, ɗaya bisa ɗaya. Biyar daga cikinsu suna ƙugu, su ne mafi kauri, domin nauyin duk abin da ke sama a kansu yake sauka. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai taushin ciki, kamar gammo, wanda ke hana su gogar juna. Tsoka ta kewaye su, jijiyoyin da ke zuwa ƙafafu kuma ta tsakaninsu suke fita.

To, me ya fi kawo shi?

Wahalar da tsoka da igiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ga ta. Dubi ɗan dako: buhun siminti kilo 50 ne, sai ya sunkuya ƙafafu a miƙe, ya fizgo shi, ya murɗa jiki ya aza a kafaɗa. Wannan murɗawar da kaya a hannu ita ce ta fi ɓarna. Ko ki dubi kanki, uwar gida: shara da guntuwar tsintsiya, wanki a sunkuye kan baho, jan guga a rijiya, ga goyo a baya. Manomi da fartanya, ɗan ga-ruwa da jarka mai lita 25, duk hanyar ɗaya ce.

Zama ma yana yi. Tela a kan keke, direban Adaidaita Sahu da ke wuni yana faɗawa ramuka, ma'aikacin ofis a gaban kwamfuta. Ƙiba da shan sigari suna ƙara wa abin nauyi, haka damuwa da rashin barci.

An ce basir ne. Gaskiya ne?

Wannan magana tana damuna ƙwarai. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Alamunsa ƙaiƙayi, zafi wurin bahaya, jini, ko fitowar tsiro. Ba ya hawa ƙashin baya. Mai yiwuwa abin da ke haɗa su a tunanin mutane shi ne yawan zama da taurin bahaya, waɗanda kan zo tare da nauyin ƙugu. Abin tsoron shi ne mutum ya shafe wata shida yana ɗirkar jiƙon da ake talla da lasifika a bakin tasha, yana ta gudawa yana cewa dattin ne ke fita, alhali ciwon da ke cin sa na nan yana ƙaruwa.

Ni nawa yana sauka har ƙafa, kamar wutar lantarki. Me ke nan?

Galibi faifan nan ne ya bulluƙo ya danne jijiya. Babbar jijiyar da ta fi kowace girma a jiki daga ƙugu take tashi, ta bi ta ɗuwawu da bayan cinya har tafin ƙafa, shi ya sa ake jin zugin a can, yawanci a ƙafa ɗaya, tare da mintsini ko dindiris. Tari ko atishawa kan tsananta shi. Da yawa suna warkewa cikin makonni ba tare da tiyata ba. Ga dattawa kuma, hanyar jijiyoyin ce ke tsukewa saboda zaizayar gaɓoɓi: Baba ya ɗan yi tafiya ƙafafu su yi nauyi, da ya zauna ko ya sunkuya sai ya ji sauƙi.

Yana iya zama daga wani wuri ba bayan ba?

Sosai. Ciwon ƙoda yakan tsaya gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari, da zazzaɓi ko zafin fitsari. Tsakuwar ƙoda kuwa murɗa take yi tana gangarowa mara. Ga mata akwai juna biyu, al'ada, ƙarin mahaifa da ciwon sanyin mara. Masu sikila ma sun san ciwon baya. Tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni kuma, 'yar faɗuwa a banɗaki na iya tsaga mata ƙashin baya.

Akwai ɗaya da ba a cika tunawa ba: tibi. Ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya sannu a hankali, da rama, da zufar dare, har doro ya fito ko ƙafafu su mutu. Yana da magani, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin tibi na gwamnati a Najeriya.

Yaushe ne ba a jira gobe?

Idan fitsari ya ƙi fita, ko shi ko bahaya suna zubowa ba ka sani ba. Idan tsakanin cinyoyi da gaba sun mutu ba ka jin taɓi. Idan ƙafa tana rasa ƙarfi, kana jan ta. Wannan a ranar za a tafi asibiti, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo ba. Haka wanda ya faɗo daga sama ko ya yi haɗari: a ɗauke shi a kwance a kan abu mai tauri, kada a kai shi wurin mai ɗori. Ciwon da ya zo da zazzaɓi ko rama, ko yake hana barci komai juyin da aka yi, ko ya wuce mako shida, shi ma a ga likita. Namijin da ya manyanta kuma fitsari na ba shi wahala, ya faɗa wa likita duka biyun tare.

In babu waɗannan alamu, in kwanta ne har ya warke?

A'a. Doguwar kwanciya tana sandarar da baya. Ka rage aikin ƙarfi na 'yan kwanaki, amma ka ci gaba da tafiya da hidimar yau da kullum gwargwadon iko. Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa. Hoto ba dole ba ne da farko, don mutane da yawa masu lafiya ƙalau in an ɗauke su za a ga zaizaya. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, ga shi haɗin da ake ƙullowa a kemis sau da yawa iri biyu ko uku ne na abu ɗaya. Tramadol kuwa kama mutum yake yi. In ciwon yana yawan dawowa, sashen gashin ƙashi, irin na asibitin ƙashi na Dala a Kano, suna koyar da motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar ciki da ta baya. Wurin ɗaukar kaya kuma ka durƙusa da gwiwa, ka rungumo shi jikinka, ka miƙe da ƙarfin cinya, in za ka juya ka juya da ƙafafu. Tsintsiya ma a sa mata doguwar ƙota.