Hulba

Hulba, wadda masana tsirrai ke kira Trigonella foenum-graecum, tsiro ce daga dangin wake da ke fitowa ta yi 'ya'ya ta bushe cikin shekara guda. Asalinta gabashin Bahar Rum da yammacin Asiya, har an tarar da ƙwayoyinta a kabarin Fir'auna Tutankhamun. A yau Indiya ce kan gaba wajen nomanta, musamman jihar Rajasthan.

Tsayinta kan kai santimita 30 zuwa 60. Ganyenta uku-uku ne, furenta fari mai ɗan rawaya. Kwansonta siriri ne mai lanƙwasa, da ƙwaya 10 zuwa 20 masu tauri a ciki. Ba ta son dashe, sai a shuka ta inda za ta girma, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinta saiwar kan ruɓe. Tana nuna cikin wata uku zuwa biyar.

Maganin yana cikin ƙwayar. Idan ta jiƙu takan saki yauƙi, wanda ke rage saurin shigar sukari daga hanji zuwa jini. Shi ya sa masu maganin gargajiya ke ba masu ciwon sukari. Ana jiƙa ƙaramin cokali guda a kofin ruwa ya kwana, a sha da safe, ko a tafasa na minti biyar zuwa goma. Masu jego kan sha don ƙarin nono. Ga maruru kuwa, ana daka ta a kwaɓa da ruwan ɗumi a ɗaure a wurin. Gasa ta sama-sama na rage ɗaci, amma da ta ƙone ɗacin sai ya ninka.

Yauƙin nan shi ne kuma ke jawo kumburin ciki da zawo idan an cika sha. Mai shan maganin sukari na asibiti da ya haɗa da hulba, sukarinsa na iya faɗuwa fiye da kima, mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuma jininsa na iya ƙara tsinkewa. Mai ciki ta guje ta, don tana motsa mahaifa, haka ma wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Warin da ke bin gumi da fitsarin mai shan ta daga sinadarin sotolon ne, ba ciwo ba ne.

Ɗanyen tohonta na iya ɗaukar ƙwayar cuta: annobar E. coli ta 2011 a Jamus, wadda ta kashe mutum fiye da 50, an danganta ta da irin hulba da aka shigo da shi daga Masar.