Wai me ake nufi da "gine-ginen dijital" ne?

Kwanan nan kalmar nan ta cika gari, duk inda ka juya sai ka ji ta, a rediyo, a talabijin, a Facebook da TikTok. Za a ɗauko hoton wani dogon bene mai lanƙwaye-lanƙwaye, bishiyoyi sun tsiro a kowane hawa, gilashi na ƙyalli, sai mai gabatar da shiri ya ce to jama'a ga gine-ginen dijital nan da za a yi a ƙasa kaza. 'Yan siyasa su ma sun ɗauka, ana zuwa ƙaddamar da aiki sai a kunna bidiyo na minti biyu, motoci na shawagi, ba ƙura ba rami, a ce wannan birnin dijital ne, a tafa. Ba sai na tsaya bayanin cewa ana zana gini da kwamfuta ba, kowa ya san wannan, tun 1982 da AutoCAD ta fito ake ta yi. Abin da ke ci min rai shi ne yadda aka mayar da hoto shi ne ma'anar kalmar gaba ɗaya.

Shi hoton nan masu sana'ar suna ce masa rendarin. Aikinsa talla ne, a nuna wa mai kuɗi ko alƙalan gasa yadda abu zai yi kama in an gama, kuma tun 2022 da irin su Midjourney suka fito ko ilimin zanen gini ba ka buƙata, rubuta layi biyu kawai za ka yi manhaja ta fito maka da fada. Irin wannan hoton ba shi da awo, ba shi da tushe, ba wanda ya san kaurin ginshiƙinsa ko inda ruwan sama zai bi ya sauka. Ita kuwa kalmar dijital asalinta daga Latin ne, daga sunan yatsa, saboda da yatsu ake ƙirge, daga nan ta koma nufin lamba. To gini na dijital shi ne wanda siffarsa take a ajiye cikin lambobi, kowane lungu da saƙo yana da adadinsa, ta yadda za a iya lissafa nauyin da zai ɗauka, a canza awo ɗaya sauran su bi, sannan a tura fayil ɗin kai tsaye zuwa injin da zai yanka ƙarfe ko dutse ko katako. In babu wannan lissafin a ƙarƙashi, hoto ne kawai komai kyansa.

Misalin da ya fi bayyana min abin shi ne kifin mai zanen gine-gine Frank Gehry. Lokacin shirin wasannin Olamfik na 1992 a Basalona an ba ofishinsa aikin wani ƙaton kifi na ƙarfe a bakin teku, tsawonsa ya haura mita 50, jikinsa duk lanƙwasa ne ta ko'ina. Matsalar ita ce zanen takarda na gargajiya, wato gani daga sama da gani daga gefe, ba zai iya gaya wa maƙera ainihin yadda kowane ƙarfe zai karkata ba, kuma ɗan kwangila in bai gane abu ba ko dai ya ƙi aikin ko ya ninka kuɗi don tsoron asara. Sai abokin aikinsa Jim Glymph ya nemo manhajar da ba ta da alaƙa da gini ko kaɗan, CATIA, wadda kamfanin Dassault na Faransa ya soma ƙirƙira a 1977 don ƙera jiragen yaƙi samfurin Mirage. Ita ce dai aka zana jirgin Boeing 777 da ita. Masu ƙera jirgi sun daɗe da warware wannan matsala, domin fiffike ba shi da miƙaƙƙen layi kuma kuskuren milimita ɗaya na iya jawo bala'i. Da ita aka yi kifin, maƙera suka yi aiki daga samfurin da ke cikin kwamfuta, aka gama a kan lokaci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi burge ni, Gehry da hannu ya riƙa yin aikinsa. Kwali da katako da takarda yake lanƙwasawa ya manna, ya tsaya ya duba, ya yage ya sake, sai in siffar ta kwanta masa sannan a kawo wata na'ura mai hannu a bi jikin samfurin ana taɓawa wuri-wuri, kowane taɓi na shiga kwamfuta a matsayin lamba. Ka ga ke nan kwamfutar ba ita ta yi tunanin ba, ita dai ta sa abin ya ginu. Haka aka yi gidan tarihi na Guggenheim a Bilbao ta Sifaniya, aikin da Gehry ya samu bayan wata 'yar gasa ta mutum uku a 1991, aka buɗe a 1997, an lulluɓe shi da fallayen titaniyam kimanin 33,000, ƙarafan cikinsa kowanne da lambarsa da inda zai shiga. Ginin da mutane suka ɗauka ba zai yiwu ba sai ga shi an kammala cikin lokaci kuma ba a wuce kasafi ba. Duk wanda ya kalli Bilbao ya ce sirrin na cikin ƙyallin ne, wallahi ya bar labarin a baya, sirrin na cikin fayil ɗin da ya tafi masana'anta.

To a nan ne gasa da baje koli suka shigo, kuma nan ne ruɗanin ya fi yawa. A shekarun 1990 matasan masu zanen gini da suka koyi waɗannan manhajoji ba su da mai ba su kwangila, wa zai damƙa maka miliyoyi ka gwada abin da ba a taɓa ginawa ba? A Jami'ar Columbia da ke Amurka an buɗe ajin zane marar takarda a 1994, irin su Greg Lynn da Hani Rashid na koyarwa, suna amfani da manhajojin da masu fim ke yin katun da su. Inda za su nuna aikinsu shi ne gasa da baje koli. Baje kolin ArchiLab ya fara a Orléans ta Faransa a 1999, gasar FEIDAD ta fara a Taiwan a 2000, sai babban baje kolin da aka yi a cibiyar Pompidou ta Faris daga ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004 kan gine-ginen da sassansu ba iri ɗaya ba ne. Hujjarsu mai ƙarfi ce: tun zamanin masana'antu arha na zuwa ne daga maimaita abu ɗaya sau dubu, amma injin da kwamfuta ke sarrafawa bai damu ba ko guda dubun iri ɗaya ne ko kowanne daban, fayil yake bi. Wannan tunanin shi ne ƙashin bayan harkar.

Wasu gasannin kuma na ainihin gini ne. A 1995 wasu matasa biyu, Farshid Moussavi da Alejandro Zaera-Polo, sun ci gasar tashar jiragen ruwa ta Yokohama a Japan da zanen da bene da bango da rufi suka narke cikin juna, mutum na tafiya daga titi har saman rufin ba tare da ya lura ya hau ba. An gina, an buɗe a 2002, jirage na tsayawa har yau. Amma cin gasa ba ya nufin za a gina. Mai zanen gine-gine Zaha Hadid ta ci gasar The Peak a Hong Kong a 1983 ba a gina ba, ta ci ta gidan waƙa na Cardiff a 1994 shi ma aka watsar, shekaru ana ce mata mai zanen takarda kafin duniya ta yarda da ita.

Sannan akwai gasar da tun farko ba a yi ta don a gina komai ba, gasar ra'ayi. Shahararriya a ciki ita ce ta mujallar eVolo da ake yi tun 2006 kan dogayen benaye, kuma da yawa daga cikin hotunan da ake yawo da su da sunan "za a gina" daga irin wannan wurin suke fitowa. Wanda ya zo na ɗaya a 2016 shawara ya kawo a haƙe filin shaƙatawa na Central Park da ke Niu Yok har a tarar da dutse, a zagaye ramin da gini mai fuskar madubi. Ba hukumar da ta ba da izini, ba mai zuba kuɗi, su kansu masu zanen tambaya suke yi, shin dole ne dogon gini ya tafi sama? Haka hasumiyar Analemma da wani ofishi ya fitar a 2017, wadda wai za a rataye ta daga wani dutsen sararin samaniya, ita ma an yi ta yaɗa ta kamar gobe za a fara haƙa tushe. Haba. Duk lokacin da aka karanta irin wannan a matsayin labari an cuci mai sauraro, an kuma cuci masu zanen, domin an mayar da tambayarsu ƙarya, daga baya in ba a ga gini ba sai a ce ai duk 'yan yaudara ne.

Ni ina ganin amfanin gasar ra'ayi sosai, sana'ar da ba ta da wurin gwaji tsayawa take yi cak. Amma gaskiya da yawa daga cikinsu sun taimaka wajen lalata kalmar. Alƙalai na duba allo biyu ko uku na kowane zane cikin ɗaruruwan da aka turo, wanda ya fi ɗaukar ido shi ke wucewa, ɗalibai kuma suka gane haka, sai su kwashe makonni suna gyaran hasken rana da gajimare a hoto, ba su zauna sun lissafa ko ginshiƙi ɗaya ba. Ga kuɗin shiga da ake karɓa a hannunsu. Shi ya sa in na ji an ce zanen parametrik, wato wanda aka ɗaura awonsa da ƙa'idoji ta yadda in ka taɓa ɗaya sauran za su gyaru da kansu, ba na saurin yarda, sai na ga me aka ɗaura. In abin da aka ɗaura shi ne zafin rana da iska da nauyi da yawan kankare, madalla. In kuwa an yi ne don bango ya yi rawa kawai, to an ɗauki babban kayan aiki an yi ado da shi. Patrik Schumacher na ofishin Zaha Hadid ma a 2008 ya yi shelar cewa wannan shi ne sabon salon zamani da ya kamata ya mamaye ko'ina, ni ban yarda hanyar lissafi ta zama salo ɗaya da za a ɗora wa kowa ba.

In kana son ganin abin da kalmar ta cancanta, duba abin da ƙungiyar Philippe Block ta jami'ar ETH da ke Zurik ta kai baje kolin gine-gine na Benis a Italiya a 2016. Rufi ne mai siffar baka da aka haɗa da duwatsun farar ƙasa 399, ba siminti, ba rodi, ba gam, faɗinsa ya kai kusan mita 16, a wasu wuraren kaurin dutsen santimita 5 ne kacal. Kwamfuta ce ta nemo siffar da za ta sa kowane dutse ya danne na kusa da shi, nauyin ya gangara ƙasa ba tare da wani wuri ya ja ba, ilimin da magina ƙubba suka sani tun ɗaruruwan shekaru amma yanzu an iya lissafa shi daidai, sannan inji ya yanka kowane dutse da nasa awon. Mutane sun shiga ƙarƙashinsa sun tsaya. A 2021 kuma suka haɗa kai da ofishin Zaha Hadid suka yi gadar ƙafa a Benis ɗin dai, da tubalan kankare da injin ɗab'i na 3D ya fitar, ita ma ba rodi, ana iya kwance ta a sake haɗawa a wani wuri. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, saboda haka duk lissafin da zai rage yawan kankaren da rufi ke ci babban al'amari ne, ya fi bishiyoyin da ake liƙa wa bene a hoto nesa ba kusa ba.

Don haka in an nuna maka hoto an ce gine-ginen dijital ne, tambayi wa ya zana, gasa ce ko kwangila, in gasa ce ta ra'ayi ce ko ta gini, akwai fili da kasafi, injiniya ya sa hannu? 'Yan jarida musamman, binciken asalin hoto a Google ba ya cin minti biyar, kuma galibi sunan gasar na rubuce a gefen hoton kafin wani ya yanke shi.