Giyar shinkafar Japan: abin da doka ta ce game da tacewa

A shagunan Japan ana sayar da wata giyar shinkafa fara fat kamar farau-farau, sunanta nigori. Masu tallarta a waje kan ce ba a tace ta ba. A idon doka kuwa wannan magana ba ta tsaya ba.

Dokar harajin giya ta 1953 ta ce kafin a kira abu seishu, wato ainihin giyar shinkafar Japan da aka fi sani da suna "sake", sai an haɗa shinkafa da ruwa da koji, fumfunar da ke mai da shinkafa zaƙi, a bar shi ya tsimu, ƙarfinsa bai kai kashi 22 cikin ɗari ba, sannan a tace. Amma dokar ba ta faɗi girman hujin rariya ba. Ta wannan ƙofa masana'antar Masuda Tokubee da ke Fushimi a Kyoto ta bi a shekarar 1964: ta tace da rariya mai manyan huji, tsakin shinkafa ya wuce, giyar ta fito da kauri da zaƙi, irin wadda ake so da abinci mai yaji, kuma hukuma ta amince an tace.

Wadda ba ta ga rariya ba ko kaɗan ita ce doburoku, giyar manoma. Ita rukuninta daban ne, kuma tun 1899 aka haramta dafa ta a gida. Kuɗi ne dalili. A wancan zamanin harajin giya na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati, kowace tukunyar gida kuwa asara ce ga baitulmali. Har yau duk abin sha da ƙarfinsa ya kai kashi 1 cikin ɗari giya ne, kuma wanda ya haɗa shi babu lasisi na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10 ko tarar da ta kai yen miliyan ɗaya, ko da shi kaɗai zai sha. Wani marubuci, Maeda Toshihiko, ya dafa a fili don ya ƙalubalanci dokar, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsa a 1989.

Lasisin ma ba na talaka ba ne. Mai neman na seishu sai ya iya yin lita 60,000 a shekara, na doburoku lita 6,000. Sassaucin ya zo da yankuna na musamman da gwamnatin Firaminista Koizumi ta fara warewa a 2003, irin su Tono a lardin Iwate. A can manomin da ke da masauki ko gidan abinci na iya samun lasisi ko bai cika wannan adadi ba, muddin da shinkafar gonarsa zai dafa. Harajin dai yana nan, sai ya biya.