Tauhidin 'Yantarwa da Batun Afuwa ga Ma'aikata Baƙin Haure

Tauhidin 'yantarwa makarantar tunani ce ta addinin Kirista da ta ɓullo a Latin Amurka a ƙarshen shekarun 1960, wadda ke karanta Littafi Mai Tsarki da idon talaka. Game da mutanen da ke zaune suna aiki a wata ƙasa ba tare da takardun izini ba, waɗanda kafafen yaɗa labarai ke kira baƙin haure, mabiyanta galibi suna goyon bayan a ba su cikakken izinin zama. Sai dai ba sa kallon hakan a matsayin yafiya ga mai laifi. A wurinsu hakki ne da aka daɗe ana danne wa mai shi. Akasarin muhawarar a kan Amurka aka yi ta, inda mafi yawan irin waɗannan ma'aikata suka fito daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya.

Asalin ra'ayin

Bayan babban taron Vatican na biyu na shugabannin Cocin Katolika da aka kammala a 1965, bishop-bishop na Latin Amurka sun haɗu a birnin Medellín na Kolombiya a 1968, inda suka bayyana talaucin yankin a matsayin zalunci da ya samu gindin zama a cikin tsarin mulki da na dukiya. A 1971 Gustavo Gutiérrez, limamin Katolika ɗan ƙasar Peru, ya fitar da littafin da ya raɗa wa tafiyar suna. Taron bishop-bishop ɗin na 1979 a birnin Puebla na Meziko kuma ya tabbatar da ƙa'idar fifita talaka, wato idan za a auna doka ko manufa, a fara duba abin da ta yi wa wanda ke can ƙasa.

Ƙaura ba ita ce babbar damuwar Gutiérrez da tsararsa ba. Hankalinsu yana kan gonakin da ke hannun 'yan tsiraru, da mulkin soja, da albashin da ba ya ciyar da gida. Amma sun bar wani tunani da daga baya ya zama ginshiƙin maganar baƙin haure: zunubi ba a zuciyar mutum kaɗai yake zama ba, yana iya shiga cikin doka da kasuwa da yarjejeniyar ƙasashe, har mutane su riƙa cutar da wasu ba tare da kowa ya ji yana da hannu ba.

Nassosin da ake kafa hujja da su

Labarin fitar Isra'ilawa daga Masar shi ne kan gaba, domin labari ne na baƙi da aka ci guminsu ana kuma tsoron yawansu. Daga nan sai Littafin Firistoci 19:33-34, wanda ya hana zaluntar baƙo, ya ce a ɗauke shi kamar ɗan ƙasa, da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 da ya hana riƙe ladan ɗan ƙodago, ɗan ƙasa ne ko baƙo. A Sabon Alkawari ana yawan kawo Matiyu 25:35, inda Yesu ya sa kansa a matsayin baƙon da aka karɓa, da gudun iyalinsa zuwa Masar.

Nassin da ya fi kusa da batun afuwa shi ne na shekarar murna a Firistoci 25. Duk shekara hamsin ana sakin wanda talauci ya sa ya sayar da kansa, a mayar wa iyali gonarsu. Masu wannan tauhidi suna lura da cewa ba a tambayi mutumin ko ya cancanta ba. Doka ce da kanta ta yarda cewa idan aka bar al'amura suka yi ta tafiya, wasu za su dawwama a ƙasa, don haka ta ajiye lokacin gyara.

Daga El Salvador zuwa Arizona

Yaƙe-yaƙen basasa na El Salvador da Guatemala ne suka kai maganar bakin iyakar Amurka. An harbe Akbishop Óscar Romero na San Salvador, babban birnin El Salvador, ranar 24 ga Maris 1980 yana tsaka da jagorantar ibada, dubban ɗaruruwan mutane kuma suka gudu arewa. Gwamnatin Ronald Reagan, wadda ke tallafa wa sojojin El Salvador, ta ƙi ba mafi yawansu mafaka bisa hujjar cewa neman abinci ya kawo su. Ranar cika shekara biyu da kisan Romero, wata majami'ar Presbyterian a birnin Tucson na jihar Arizona ƙarƙashin Fasto John Fife ta shelanta cewa za ta ɓoye 'yan gudun hijirar ko da doka ta hana. Ɗaruruwan majami'u suka bi sahu. A 1986 kotu ta samu mutum takwas daga cikin jagororin da laifi, ciki har da Fife. Ba duka ne mabiya tauhidin 'yantarwa ba, amma da yawa sun sha daga ƙoramarsa ta hanyar masu wa'azi da suka yi aiki a Amurka ta Tsakiya.

A watan Nuwamban 1986 Reagan ya sa hannu kan dokar da ta kawo afuwa mafi girma a tarihin shige da ficen Amurka. Kimanin mutum miliyan 2.7 suka samu izinin zama: waɗanda ke ƙasar tun kafin 1 ga Janairu 1982, da ma'aikatan gona da suka yi aƙalla kwana 90 na aiki a cikin shekarar da aka ƙayyade. Ranar da aka yanke ta bar yawancin waɗanda yaƙin El Salvador ya koro a waje, domin sun iso daga baya. Dokar ta kuma sa hukunci a kan masu ɗaukar baƙin haure aiki, amma ba a aiwatar da wannan ɓangare da ƙarfi ba.

Wa ke bin wani bashi?

A nan ne wannan tauhidi ya rabu da sauran masu tausaya wa baƙi. Afuwa tana nufin akwai mai laifi da mai yafewa. Masu tauhidin 'yantarwa suna tambaya: wa ya buɗe hanyar tun farko? Suna nuni da shirin Bracero na 1942 zuwa 1964, wanda da shi Amurka da kanta ta yi ta kwaso ma'aikatan gona daga Meziko, da yarjejeniyar ciniki ta NAFTA ta 1994 tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, wadda ta bar ƙaramin manomin Meziko yana gogayya da masarar Amurka mai samun tallafin gwamnati. A wannan lokacin ne kuma aka fara toshe mashigun birane a kan iyaka, abin da ya tura masu tsallakawa cikin hamada, inda dubbai suka mutu.

Sannan akwai amfanin da ake ci. Binciken ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan gonar da ake ɗauka haya ba su da izini. Wanda ke tsoron a kore shi ba ya kai ƙara idan an cinye masa lada. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa baƙon haure da aka kora don ya shiga harkar ƙungiyar ƙwadago ba zai karɓi albashin da ya rasa ba. Ta wannan fuska rashin takarda shi kansa hanya ce ta sauƙaƙa farashin gumi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa masana irin su Miguel De La Torre suke ganin ko maganar karɓar baƙo ba ta isa ba, domin tana mayar da mai gida mai kyauta, alhali abin da ke kansa biyan bashi ne.

Matsayin Coci da masu suka

Hukumar Cocin Katolika ba ta je can ba. Tun a 1984 ofishin kula da aƙida na Vatican, ƙarƙashin Cardinal Joseph Ratzinger, ya gargaɗi masu wannan tauhidi kan aron tunanin Markisanci. Littafin koyarwar Cocin, a sashe na 2241, ya ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin karɓar baƙo gwargwadon iyawarsu, amma ya amince hukuma ta gindaya sharuɗɗa, baƙo kuma ya bi doka. Wasiƙar haɗin gwiwa da bishop-bishop na Amurka da Meziko suka fitar a 2003 ta nemi a halatta zaman marasa takardu tare da amincewa da ikon ƙasa na tsare iyakarta. Abin da bishop-bishop na Amurka ke nema shi ne izinin da mutum zai samu bayan ya cika sharuɗɗa, kamar biyan tara da haraji da jiran layi, kuma sukan ce wannan ba afuwa ba ce.

Masu adawa suna kawo Romawa 13 kan biyayya ga hukuma, nassin da ministan shari'a na Amurka na lokacin, Jeff Sessions, ya ambata a 2018. Suna cewa afuwa tana tauye wanda ya bi ƙa'ida, kuma ta 1986 ba ta tsayar da komai ba, tunda adadin marasa takardu ya haura miliyan 11 a shekarun baya. Suka mafi nauyi ita ce wadda ta fito daga cikin ƙa'idar fifita talaka kanta: ina makomar talakan ƙasar da ke neman aiki iri ɗaya? Amsar da ake bayarwa ita ce ma'aikacin da ba ya iya kai ƙara shi ke jan albashin kowa ƙasa, don haka ba shi takarda kariya ce ga duka biyun. Masana tattalin arziki ba su yi ittifaƙi kan girman tasirin ba. Wani yunƙuri na halatta zaman marasa takardu da ya yi nisa a Amurka shi ne ƙudurin 2013, wanda majalisar dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 68 da 32, majalisar wakilai kuma ta ƙi ko tattauna shi.