Kalmar "Kafiya": Ma'anarta da Inda Ake Amfani da Ita

Mece ce kafiya?

Kafiya ita ce mutum ya tsaya a kan magana ɗaya, ya ƙi sassautawa ko da an kawo masa hujja ko an roƙe shi a daidaita. Tushenta "kafe", kamar yadda mota ke kafewa a laka da damina, ba gaba ba baya. Sai dai a kula wajen rubutu, domin rijiya ƙafewa take yi, mutum kuwa kafewa. Idan abin ya yi tsanani, akan ce ya kafe kai da fata.

Ba ɗaya take da taurin kai ba?

Suna kusa, amma taurin kai hali ne da ake jingina wa wanda ba ya jin magana, musamman yaro. Ita kafiya sai akwai wata magana a tsakani, kamar ciniki ko sulhu ko rabon gado. A Kasuwar Barci da ke Tudun Wada a garin Kaduna, idan mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", ba a kira wannan kafiya, domin yanzu ciniki ya fara. Amma idan aka yi ta ƙari har maƙwabcin shago ya sa baki ya ce, "Alhaji, a sallama masa mana," shi kuma ya ƙi rage ko sisi, to ya kafe.

Yabo ce ko zargi?

Zargi ce, shi ya sa da wuya mutum ya kira kansa mai kafiya. Mai son yabo cewa yake yi tsayin daka ko jajircewa, kuma sau da yawa ɓangaren da mutum yake ne ke zaɓar masa kalmar. A Jamhuriya ta Biyu, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya yi mulkin tsohuwar Jihar Kaduna daga 1979 ba tare da kwamishinoni ba, saboda majalisar dokokin jihar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da sunayen da ya miƙa, har ta tsige shi a Yunin 1981. Masu adawa da shi kafiya suka gani, magoya bayansa kuwa riƙon aƙida.

Ana iya faɗa wa babba ita?

A gabansa dai rashin ladabi ne. Abin da aka saba shi ne a ce, "Baba, a yi haƙuri a sake dubawa."