Me ake nufi da narkewar roba a jikin kayan lantarki?

Idan mai gyaran waya a Birnin Kebbi ya ce robar wani abu ta narke, yana nufin yanayin da bayan rediyo, ko rimot, ko tocila, ko linzamin kwamfuta yake komawa danƙo, ya riƙa manne wa hannu, yana kama ƙura da zaren aljihu, har ya bar baƙin tabo a yatsa. Mutane da yawa suna ɗauka datti ne, su wanke da sabulu, amma da zarar ya bushe sai danƙon ya dawo yadda yake.

Abin da ya lalace fenti ne kawai. Jikin na'urar roba ce mai tauri, galibi irin wadda ake kira ABS, sai kamfani ya fesa mata siririn rufi na sinadarin foliyuretan, wanda kaurinsa bai fi na gashin kai ba, domin ta yi laushi a hannu, ta daina sulɓi, ta kuma yi kama da kaya mai tsada. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro sinadarin a Jamus a 1937, kuma wannan rufi ya yi tashe sosai a shekarun 1990 da 2000, shi ya sa ake yawan ganin matsalar a tsofaffin kwamfutocin ThinkPad da kyamarori na wancan zamani.

Sinadarin yana da ƙarfi ne saboda ƙwayoyinsa a sarƙe suke da juna cikin dogayen jeri. A nau'in da aka fi yin wannan fenti da shi, danshin da ke cikin iska yana ratsawa a hankali yana tsinka mahaɗan jerin, har ya zama guntaye marasa riƙe juna, kuma waɗannan guntayen su ne danƙon da hannu yake ji. Zafi yana gaggauta aikin. Ƙa'idar da masana sinadarai suke kwatance da ita ita ce, ƙarin maki 10 a ma'aunin Salshiyas yana iya ninka saurin irin wannan sauyi. A jihar Kebbi, inda zafin bazara yake wuce maki 40 a watan Afrilu, sannan damina ta biyo baya da laima mai nauyi a Agusta, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Yauri da Argungu, rufin ba ya samun hutu. Gumi, da man shafawa, da maganin sauro na shafawa a fata, duk suna ƙara masa rauni.

Ajiya ba ta hana narkewar, kuma wannan ne ya fi ba mutane mamaki. Na'urar da aka kulle cikin leda a ƙasan akwati tana iya fitowa a manne ko da ba a taɓa kunna ta ba, kamar yadda tafin wasu takalman gwanjo yake rugujewa a sawar farko, domin sinadari ɗaya ne kuma ciwo ɗaya.

Rufin da ya narke ba ya komawa daidai. Hoda tana ɓoye danƙon na ɗan lokaci, abin da ya kamata mai sayen kayan Kwatano ya lura da shi idan ya ga farin gari a lungun maɓallai. Gyaran gaskiya shi ne a cire batir, a jiƙa tsumma da sifirit na kemis, a goge fentin gaba ɗaya har robar ƙasa ta fito da sheƙinta, ko da yake rubutun da aka buga a kai yana iya tafiya tare da shi. Fetur da tina da ruwan cire jan farce suna aiki da sauri, amma suna cin ABS ɗin kanta, su bar ta da fari-fari ko tsagewa. A ganina bai dace wannan aibi ya sa a jefar da na'ura mai lafiya ba, sai dai ya isa dalilin neman ragi wajen ciniki, tunda goge bayan kwamfuta ɗaya yana iya cin fiye da awa guda.